Likitar da Alhaji Ɗalha Ya Jira

Kabara, Birnin Kano,
Rajab 1446 (Janairu 2025)

Zuwa ga 'yata Sa'ida, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kamar yadda muke nan lafiya lau. Yaya aiki? Yaya zafin Afirka ta Kudu, tunda kin ce ku yanzu ne kuke tsakiyar bazara? Innarku tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko yajin da ta ba ki bai ƙare ba. Kasuwa kuma alhamdulillahi, masu ɗinki sun fara zuwa Ƙofar Wambai sayen zaren kayan Sallah tun yanzu.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. Dalili shi ne, sau da yawa na kira ki da niyyar wata magana, amma da na ji muryarki sai ta maƙale mini. Sunan mahaifiyata kika ci, kuma muryarki ta fara komawa irin tata. Shi ya sa na ɗauki biro. In na gama zan ɗauki hoton takardar in tura miki.

Maganar babanki Alhaji Ɗalha ce, maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda kin san tare muka tashi tun makarantar allo. Ciwon sugan nan nasa ya taso masa ta ƙafa. Tuntuɓe ya yi a bakin kwata, ɗan ƙaramin rauni a babban yatsa, wanda da ni ne ko kulawa ba zan yi ba. To shi nasa ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Ɗansa Abdulbaƙi ya kai shi asibiti, likita ya duba ya ce sai an cire yatsan, kuma kada a ɗau lokaci. Da jin haka Alhaji ya nemi hularsa ya ce a mayar da shi gida. Tun ranar bai koma ba. Ana wanke wurin da ruwan gishiri, Hajiya Uwani matarsa tana shafa masa zuma.

Ya ce ke yake jira. Ya ji a rediyo cewa a ƙasashen waje an gano sababbin hanyoyin warkar da irin wannan gyambo ba tare da yanka ba, ya ce ai 'yarsa tana can inda ake gano su, ba wanda zai taɓa masa ƙafa sai kin zo da Sallah kin gani da idonki.

Ummi, ya ɗauka ke likita ce. Kuma ba shi kaɗai ba.

Abin ya faro ne ranar walimar da na yi da kika gama digirin digirgir. Liman ya yi addu'a ya ce Allah ya yi wa Dakta Sa'ida albarka. Sai Malam Ɗayyabu mai shayi ya ɗaga murya daga baya ya ce, to yau Kabara ta samu likita mace ta kanta. Aka yi ta kabbara, ana miƙo mini hannu ta ko'ina. Na ce a raina ba yanzu ba, in hayaniya ta lafa zan gyara. Hayaniya ta lafa, ban gyara ba. Ƙaramin kuskuren fahimta ne dai, kuma in sha Allahu zan warware shi.

Abin da nake roƙo kafin nan, tunda jami'arku babba ce, ba za a rasa likitoci a ciki ba. Ga hoton ƙafar nan na haɗa miki. Ki nuna wa ɗaya daga cikinsu, ki tambaye shi game da sabon maganin nan, ki rubuto mini abin da ya ce, ni kuma in isar.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mana ke.

Mahaifinki,
Isyaku

Kabara, Birnin Kano,
Sha'aban 1446 (Fabrairu 2025)

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya kuma murar da Innarku ta ce ta ji a muryarki ta sake ki. Mu nan ƙalau muke, sai dai abin da ba a rasa ba.

Amsarki ta iso, na karanta ta a shago, na sake karantawa a gida. Na gode da kika je har wurin likitan. Na fahimci abin da ya ce: gaskiya ne ana ta binciken sababbin magunguna da na'urori na irin wannan rauni, amma ba ɗaya a cikinsu da ke dawo da naman da ya riga ya mutu, kuma yadda yatsan ya yi baƙi a hoton, ba maganar jiran Sallah ba ce, maganar yau ce. Na kuma ga inda kika ja layi a ƙarƙashin rubutunki, cewa in je in gaya wa Alhaji gaskiya kafin in yi komai.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce ta hana ni cin abincin rana. Kika ce, Baba, kunyar aikina kake ji?

Na daɗe ina neman yadda zan ce a'a. Ban samu ba.

Ki yi mini uzuri kaɗan, ba don ina da gaskiya ba, sai don ki san inda abin ya fito. A unguwar nan in aka ce wane yana ilimin taurari, ba na'urar hangen nesa ke zuwa ran mutane ba. Masu duba ke zuwa musu, masu gaya wa mata ranar da za su yi tafiya da ranar da ba za su yi ba. Ni kuwa ni ke ba da salla a masallacinmu duk ranar da Liman ba ya nan. Na riƙa hango dattijan majalisa suna cewa, na'ibin liman ya tura 'yarsa ƙetare ta koyo duba. Tun kina karatun, in an tambaye ni sai in ce kimiyya take yi, in canja magana. Da Malam Ɗayyabu ya ba ni kalmar likita kyauta, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Innarku ta gargaɗe ni tun ranar. Na ce mata ta bar ni, na san mutanena.

Yanzu ga abin da na yi da saƙonki. Na je na sami Alhaji a zaure, an shimfiɗa masa katifa a nan don ya riƙa jin motsin mutane. Na ce masa, Dakta ta ga hoton, ta ce maza ka koma asibiti. Ina tsammanin dabara na yi: in yi amfani da sunan da ya yarda da shi in tura shi inda ya kamata, ba tare da na tona kaina ba. Sai ya yi dariya ya ce, ai hoto ba ƙafa ba ne, Isyaku. Ya ce yarinyar da na goya a kafaɗata ba za ta ga ƙafar nan da idonta ta ce a yanke ba, za ta san dabarar da waɗannan ba su sani ba. Kin ga maimakon in kwance ƙullin, ƙara ɗaure shi na yi.

Wallahi na buɗe baki zan faɗa. Sai Hajiya Uwani ta aiko da kunun gyaɗa, shi kuma ya shiga ba ni labarin yadda yake alfahari da ni, wai a duk sa'anninmu ni kaɗai na yi hangen nesa na bar 'ya mace ta yi karatu har ƙarshe. Na sha kunun na yi masa sallama. Zauren ya fara wari, Ummi. Suna kunna turaren wuta, amma yana fitowa ta ƙarƙashinsa.

Kin ce kwanakin nan ba ki samun barci saboda dutsen nan da aka gano a sararin sama, kuna ta lissafin hanyarsa. Labarinsa ya iso mu. A majalisa ba a maganar komai sai shi, wai girmansa ya kai dogon bene, kuma zai iya faɗowa duniya nan da shekara bakwai. Wasu na cewa ƙaryar Turawa ce, wasu na cewa alamar tashin kiyama. Ina zaune ina jin su, na san 'yata tana cikin masu bin sawunsa, ban ce uffan ba.

Na yi wa kaina alkawari ba za a ga watan azumi ba sai na gaya wa Alhaji. Ki taya ni da addu'a.

Mahaifinki mai sa miki albarka,
Isyaku

Kabara,
Ƙarshen Sha'aban 1446

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwata yau gajeriya ce, daga asibiti na dawo.

Mun ji ki a rediyo.

Shekaranjiya da hantsi ne. Saboda Alhaji ba ya iya fitowa, majalisar ta koma ƙofar zaurensa. Muna nan da Liman da Malam Ɗayyabu da sauran dattijai, rediyon Alhaji tana gefen matashinsa. Mai gabatar da shiri ya ce za su tattauna kan dutsen da ya tayar wa duniya hankali, kuma sun samo 'yar Kano da ke cikin masu binciken, Dakta Sa'ida Isyaku Kabara. Malam Ɗayyabu ya yi tsalle har ya kusa kifar da butar shayi. Alhaji ya ce a yi shiru, a ƙara murya, 'yarsa ce.

Kafin ki amsa tambayar farko kika ce kina so ki fara da wani bayani saboda mutanen gida. Kika ce, ni ba likitar asibiti ba ce, ko allura ban iya yi ba, karatuna na sararin samaniya ne, duk mai ciwo don Allah ya je asibiti kada ya jira irina.

Ban sani ba ko kin yi zaton Alhaji yana saurare. Ina jin kin yi. In da gangan kika yi, kin yi daidai, kin yi abin da mahaifinki ya kasa.

Ba wanda ya dube ni. Da sun dube ni da ya fi mini sauƙi. Kowa ya kafa wa rediyon ido, kina ta bayani a natse: cewa dutsen yana kewaya rana ne kamar yadda duniya ke yi, cewa a lissafin da ake da shi yiwuwar ya same mu kusan kashi uku ne cikin ɗari, cewa kullum aka ƙara hango shi lissafin yana ƙara daidaita, kuma mai yiwuwa nan gaba kaɗan a ga ba abin tsoro. Mai shirin ya tambaye ki ko wannan ba shiga gaibu ba ne. Kika ce a'a, kamar mutum ne ya hango mota daga nesa ya auna gudunta don ya san ko zai tsallaka titi, sanin gaibu na Allah ne.

Da aka gama Liman ya gyara zama ya ce, ai wannan shi ne ilimin falaki, da shi malaman da suke fitar da alƙibla da lokutan salla, kakansa ma yana da littafi a kai. Ya ce, Malam Isyaku, kana da irin wannan a gidanka ka bar mu muna ta shirme a kan dutse? Malam Ɗayyabu ya ce shi fa likita ya fi so, amma wannan ma ba laifi. Aka yi 'yar dariya. Shi ke nan, Ummi. Abin da na shekara da shekaru ina tsoro, iyakarsa ke nan. Ba wanda ya ambaci duba.

Alhaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya kashe rediyon, ya ce kowa ya ba shi wuri ban da ni. Da suka fita ya ce, Isyaku, tun yaushe ka sani? Na ce tun farko. Ya ce, ranar da ka zo ka ce Dakta ta ga hoto, ka sani? Na ce na sani. Sannan ya ce in kira masa Abdulbaƙi ya nemo a-daidaita-sahu.

Da muka ɗaga shi na ji jikinsa kamar garwashi, ashe ya kwana biyu da zazzaɓi yana ɓoyewa. Na zauna kusa da shi a cikin keken, na riƙe ƙafar a cinyata don kada gargada ta taɓa ta. Likitan da ya kwance ƙyallen ya tambayi Abdulbaƙi me ya sa sai yanzu. Yaron ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce ƙaddara ce.

Baƙin ya wuce idon sawu. Gobe za su shiga da shi.

Mahaifinki,
Isyaku

Kabara, Birnin Kano,
Ramadan 1446 (Maris 2025)

Zuwa ga 'yata abar alfaharina, Sa'ida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barka da shan ruwa. Yaya ibada, yaya azumi a ƙasar da ba kowa ke yi ba? Ina fata kina samun abin buɗa-baki mai kyau, ba shayi da burodi kawai ba. Innarku tana gaishe ki, tana ta shirin zuwanki. Na ga kiranki har sau da dama ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, wane ni. Ban san da wace murya zan amsa ba.

An yi aikin, an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya gaya wa Abdulbaƙi cewa da a zuwan farko aka yi, yatsa ɗaya ne, da yanzu yana takawa. Ya kuma ce da an ƙara mako, da ba maganar ƙafa ake yi ba. Na riƙe maganar nan ta biyu, ita nake juyawa in ta farko ta hana ni sukuni. Wannan makon naki ne, ba nawa ba.

Muna asibitin labari ya zo cewa an sake auna dutsen, ba zai same mu ba, kamar yadda kika faɗa. Masu jinya suna ta hamdala a baranda, wani ma ya ce ai 'yar Kano ce ta fara faɗa. Na so in ce masa 'yata ce. Sai na ga ban cancanci faɗa a wannan wurin ba, ana ɗinke abokina a ɗaki na gaba.

Ranar Juma'ar farko ta azumi, bayan la'asar, na miƙe a masallacinmu na gaya wa jama'a komai da bakina. Na ce ba Malam Ɗayyabu ne ya yi kuskure ba, shi zato ya yi, ni na mayar da zaton ƙarya, na kuma kai ta har gaban mara lafiya. Na roƙi Liman ya nemi wani na'ibin. Ya ce zai duba, amma tun ranar in ba ya nan wani ke shiga gaba, kuma hakan ya fi mini. Hajiya Uwani ba ta amsa gaisuwata. Kwanon buɗa-bakin da Innarku ta aika an dawo da shi a rufe yadda ya tafi. Ban ga laifinta ba, sai dai ina jin nauyin Innarku, wadda ta gaya mini gaskiya tun ranar farko kuma yanzu take shan hukuncin tare da ni.

Da aka sallamo Alhaji na kasa shiga. Sai in zo ƙofar zauren in tsaya in juya. Shi ya aiko a kira ni. Ya rame ƙwarai, amma idonsa ya washe. Na durƙusa na fara neman gafara, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, Isyaku, ni ma tsoron wuƙa ne ya sa na ɓuya a bayan yarinyar nan, da ba ita ba da na nemi wani abin, wannan nawa ne. Amma ka zauna a nan ka sha kununa, kana jin warin ƙafata, ka zaɓi kada a yi maka dariya a majalisa. Wannan naka ne, kuma ba zan ce maka ya wuce ba, don bai wuce ba tukuna. Na ce haka ne. Ya ce, to tashi, gobe ka zo ka tura ni masallaci, Abdulbaƙi ba ya iya lungun nan da keken guragu, kai ka san duk inda rami yake.

Tun ranar ni ke tura shi, azahar da la'asar da magariba. Ba ma hira sosai. Jiya dai a hanya ya tambaye ni, wai in dutsen bai same mu ba ina zai nufa? Na ce ban sani ba. Ya ce, kana uban mai abin ba ka sani ba? Na ce ban taɓa tambayarta ba.

Gaskiya na faɗa masa, Ummi. Shekarun nan duka ban taɓa zaunar da ke na ce ki gaya mini me kike yi ba. Na biya kuɗin makaranta, na yi addu'a, na ɓoye ki. Ki yafe mini. In kin zo da Sallah ina so ki yi mini bayani tun daga farko, a hankali, yadda mai sayar da zare zai gane. Alhaji ma ya ce ki shigo ki gaishe shi, ya ce ke ba ki yi masa komai ba.

Abu ɗaya ne har yanzu ban saba da shi ba. In mun isa ƙofar masallaci ni ke durƙusawa in cire masa takalmi. Jama'a sun jera nasu bibbiyu a bakin ƙofa, ni kuma in nemi wuri a gefe in ajiye nasa guda ɗaya. In an idar kowa ya zura nasa ya wuce, sai in ɗauko shi in sa masa, ya ce mini Allah ya yi albarka, in ce amin, in kama keken mu koma gida.

Allah ya kawo mana ke lafiya, ya karɓi ibadunmu.

Mahaifinki,
Isyaku